Yashin Da Ban Taɓa Takawa Ba

Ku da aka haifa a London, duk ranar da aka haɗu a gidana a nan Dagenham sai wani cikinku ya tambaye ni aikin da na yi har na yi ritaya, in na faɗa kuma ku dubi juna ku danne dariya. Ina jin abin da kuke faɗa da Turanci a kicin, wai Kawu Sabo yashi yake wankewa ana biyansa. Gaskiya ne, yashi na wanke, kuma a kansa gashina ya yi fari. Tunda yau kun ci tuwona kun ƙoshi, sai ku zauna ku ji irin yashin.

Ba irin na rafin garinmu ba ne. Namu dutse ne ya farfashe, ruwa ya kwaso shi daga nesa. Wanda na yi aiki a kansa, a inda yake kwance aka haife shi. Akwai wurare a tekuna masu ɗumi inda ƙasa ba ta faɗawa zurfi nan take, sai ta shimfiɗe kamar faranti, tafiya mai nisa, ruwa garau, rana tana kaiwa har ƙasa. Babu kogin da ke kawo laka can. Duk abin da ke kwance a wurin gawa ce: ɓawon katantanwa, gutsuren murjani, ganyen wata ciyawar teku mai tauri, da gidajen wasu halittu da ba su kai ƙwayar gero ba. In ka ɗiga masa asid sai ya yi ta kumfa har ya ɓace, domin alli ne zalla. Masu rai ne suka yi shi, ruwa ya rarraba shi, wasu masu ran kuma suka bi suka cakuɗe shi. Aikinmu shi ne mu gane wane ne ya yi me.

Aikina na farko a kamfanin da ke binciken yashin nan shi ne wanke kwalabe. Karatu na zo yi, tallafin da ake turo mana daga gida ya tsaya, sai wani ɗan'uwa ya samo mini aiki a wani sito da aka mayar ɗakin gwaji, bayan tsohuwar masana'antar motoci, dab da kogi. Wata Baturiya mai suna Doreen ce ke riƙe da wurin. Gajeriya ce, ba ta hira a bakin aiki, kuma ta yi wata da watanni tana kallon yadda nake ɗauraye kwalba kafin ta bari na taɓa rariya. Rariyoyin na tagulla ne, ana jera su ɗaya kan ɗaya, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa. Ta ƙarshen idonta bai kai kaurin gashi ba, in ka ɗaga ta sai ka ce yadin siliki ne. Ba a sa mata yatsa. Ba a goge ta da tsumma. Buroshi mai taushi kawai, daga baya.

Ranar da ta fara koya mini, ta ɗebo yashi ɗaya ta raba biyu. Rabi ta wanke da ruwa a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ɗaya rabin ta buɗe masa famfo da ƙarfi ta murje shi da hannu. Ta shanya su a tanda, sannan ta sa ni na duba kowanne a madubin likita. Na farkon, kowane ɓawo da siffarsa, har zanen jikinsa ana gani. Na biyun gari ne. Ta ce da ni duk wanda ya karanta sakamakon na biyun zai rubuta cewa igiyar ruwa mai ƙarfi ce ke dukan wurin, alhali babu igiyar da ta dake shi sai hannunta. Abin da ta koya mini ke nan a ranar, ba ta ƙara komai ba, ta koma kan teburinta.

Daga rariya na wuce zuwa bututu. Yadda ake yi, a teku ana kafa bututun roba a ƙasa, a tura shi ya nutse, a toshe bakinsa, a zaro shi da yashin a ciki yadda yake kwance, na jiya a sama, na zamanin kakanni a ƙasa. A tsaye ake ɗaukar sa, a tsaye ake kawo mana shi, a ajiye a ɗakin sanyi. Mu kuma mu tsaga robar da zarto gefe biyu, mu ja siririyar waya ta tsakiya, ya buɗe kamar gurasa. Warin da ke fitowa a wannan lokacin, na ruɓaɓɓen ƙwai da gishiri, shi ne abin da na sani na teku shekara da shekaru. In ka ga shimfiɗa mai manyan ɓawo a ƙasa tana yin laushi zuwa sama, guguwa ce ta tayar da komai, masu nauyi suka riga sauka. In ka ga laka mai santsi da saiwoyi, ciyawa ce ta tare ruwa har ƙura ta kwanta. In kuma ka ga babu shimfiɗa ko ɗaya, komai a dame, to wani ƙaramin jatan lande ne da ke haƙa rami kamu biyu ko uku, yana fito da na ƙasa sama dare da rana. Shi kaɗai yana iya share tarihin guguwa goma.

Ina cikin wannan aikin aka ɗauko Mumuni. Ɗan Gana ne, daga zangon wani gari na bakin teku, yana zaune a Edmonton a gidan council, irin na gwamnati, tare da yayarsa. Gadi yake yi a da. Doreen ta ce in koya masa, tunda muna jin harshen juna, ko da yake Hausarsa ta zango ce, wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta. Ni na nuna masa yadda ake riƙe buroshi. Ni na hana shi danna rariya da babban yatsa. Hannunsa na da nauyi, yana waƙa a bakin famfo, kuma sai da ya daɗe kafin ya bambance gutsuren murjani da na katantanwa. Ba ina rage masa ba ne, haka abin yake.

Wata safiya mai kamfanin, Dokta Alan, ya shigo ya ce wanda ke raka shi teku ya karye a ƙafa, ga tafiya ta matso, yana neman mutum ɗaya daga cikinmu da zai riƙa toshe bututu da jera su a kan jirgi, amma sai wanda ya iya ruwa. Ni ya fara tambaya, domin ni ne babba. Na ce masa zan iya koya. Mumuni yana can yana ɗauraye bokiti, ya ɗago kai ya ce shi a cikin masunta ya tashi, tun yana yaro yake nutso ya kwance musu komar kamun kifi idan ta maƙale a dutse. Dokta Alan ya dafa kafaɗata ya ce wani karon sai ni. Aka tura Mumuni kwas na nutso da tukunyar iska, aka yi masa biza, ni kuma aka bar mini bokitinsa na ƙarasa.

Ya dawo bayan wata guda ya yi baƙi wuluk, hancinsa yana saɓa, bakinsa kuma bai ƙara rufuwa ba. Akwai wasu ƙwayoyin murjani masu kaifin gefe da na daɗe ina ƙirgawa a madubi, na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya Sabo, wannan kashin kifi ne fa. Kifi nan, bakinsa kamar na aku, yana gatsa dutse, kana ji a cikin ruwa, ƙurus, ƙurus. In ya juya sai ya saki fari a bayansa kamar hayaƙi." Na ce masa na sani, yana cikin littafi. Ya ce ai littafi ba ya ƙara. Ya yi ta kwaikwayon ƙarar da haƙoransa har Doreen, wadda ban taɓa jin dariyarta a bakin aiki ba, ta yi dariya.

Haka aka ci gaba. Akwai wani yashi da ƙwayoyinsa suke zagaye sumul kamar ƙwan kifi. In ka yanka ƙwaya ɗaya za ka ga ɓawo kan ɓawo kamar albasa, domin ruwa ne ke mirgina ta gaba da baya, alli yana manne mata a hankali. Ni na yanka dubbansu. Mumuni kuwa ya tsaya a kansu da ƙafarsa, ruwa iya ƙirji, ya ce in ruwa ya fara janyewa sai ka ji ƙasa tana gudu daga ƙarƙashin tafin ƙafarka, kana nutsewa kana tsaye. Ramin jatan landen nan da nake gane shi a cikin bututu, shi ya kwanta a gefensa ya ga ana watso yashi daga ciki. Duk abin da na sani a mace, shi ya gan shi a raye, kuma sai ya zo ya faɗa mini.

A masallacin Juma'a da wuraren suna ma haka. Sai ka ga an yi masa da'ira, likitoci da ma'aikatan ofishin jakadanci, yana zaro hotuna daga aljihu, ga shi da tukunya a baya, ga shi da kunkurun teku. Wani ya taɓa juyowa ya tambaye ni ko ni ma a wurin su Mumuni nake aiki. Na ce a wurina yake aiki. Ya kawo wa matata, Antinku Binta, tsarabar wata ƙatuwar katantanwa mai jan ciki, ta ɗora a kan talabijin, duk baƙon da ya shigo sai ta ba shi labarinta. Na ce mata tana tara ƙura, na mayar da ita bayan gida kan taga. Washegari na dawo daga aiki na tarar da ita a kan talabijin.

Kada ku zaci zama na yi. Na je wurin iyo na council, na yi booking, na shiga ajin 'yan koyo ina da shekara arba'in da ɗoriya, ni da gajeren wando a cikin tsofaffin Turawa mata. Na sha ruwan nan mai warin magani har ya ishe ni. Sai da na iya zuwa wancan bango in dawo ban tsaya ba, sannan na je wurin Dokta Alan na faɗa masa. Ya yi murna ƙwarai. Amma a lokacin Doreen ta yi ritaya, ya ce babu wanda ya iya yankan gilashi kamar ni, in na tafi wata guda wurin zai tsaya, kuma masu ba mu aiki yanzu da suna suke neman Mumuni. Na fito daga ofishinsa da yabo, na koma kan kujerata.

Yankan gilashin nan shi ne abin da ku ba za ku iya ba ko an ba ku shekara. Ana ɗibar yashi yadda yake kwance, a zuba masa wani ruwan gam mai shuɗi, a zuƙe iska, gam ɗin ya shiga kowane lungu ya daskare. Sai a yanka, a manna a jikin gilashi, a yi ta gogawa a kan faranti da garin goge har ya yi siririn da haske ke ratsa shi. In ka wuce da kaɗan, babu komai a kan gilashin, aikin mako ya tafi. Inji yana kai ka kusa, amma ƙarshen da hannu ne, kana jin sa a yatsa. Duk inda ya fito shuɗi a madubi, rami ne. Ramukan nan su ne abin da kamfanonin mai suke biya su gani, domin duwatsun da suke haƙo mai a cikinsu irin wannan yashin ne na dā da ya daskare, kuma suna son sanin inda guguwa ta bar rami da inda jatan lande ya toshe shi.

Ba su kaɗai ne masu zuwa ba. Akwai masu shimfiɗa wayar sadarwa a ƙarƙashin teku, su tambayarsu ɗaya ce, ko yashin zai zauna ko zai yi tafiya ya bar musu waya a fili. Akwai masu gina tashar jiragen ruwa. Wasu sun taɓa turo mana buhuna cikin gaggawa, suna waya safe da yamma, domin turakun ƙarfen da suka kafa suna zurmawa ba sa kamawa. Na ɗora ƙwayoyin a ƙarƙashin madubi, na danna ɗaya da bakin allura, ta fashe kamar ƙwai. Ɓawo ne masu rami a ciki, nauyi ya hau su sai su murƙushe, ba sa riƙe ƙarfe kamar yashin dutse. Dokta Alan ya rubuta rahoto, suka canza yadda suke kafawa. Rahoton ya fito da bango mai sheƙi, a kan bangon hoton Mumuni ne a ƙarƙashin ruwa yana rungume da bututu. Haruffan farko na sunana suna shafi na ƙarshe, a ƙasa.

Duk bututun da Mumuni ya kawo, kafin in tsaga shi sai na duba shi daga sama har ƙasa. Ina neman inda ya karkata, ko inda ya bari ruwa ya girgiza saman, ko murfin da bai zauna ba. Aikina ne in duba, amma nasa na fi dubawa. A duk shekarun nan sau ɗaya na sami wanda samansa ya dame. Na ɗauke shi na kai ofis da kaina. Da aka bincika, direban motar da ya ɗauko su daga filin jirgi ne ya kwantar da shi. Mutumin da ban iya hana shi danna rariya ba, a cikin ruwa hannunsa ba ya kuskure.

Sai muguwar shekara ta zo. Farashin mai ya faɗi, kamfanoni suka riƙa bugo waya ɗaya bayan ɗaya suna soke aiki, an yi cancel, an yi cancel. A tsakiyar bazara, lokacin da London ta yi wani zafi da ba a saba ba, injin ɗakin sanyinmu ya mutu a ƙarshen mako. Ranar Litinin da na buɗe ƙofa wari ya mayar da ni baya. Bututun da muka riga muka tsaga sun bushe sun dare, wasu sun yi furfura. Na yi kwanaki ina fesa musu ruwa ina naɗe su, na ceci abin da zai cetu. Aka sallami 'yan mata biyu da ke taya ni da mai rubuta rahoto. A wannan shekarar ce kuma Mumuni ya nutsa da mura a jikinsa, don kada a yi asarar yini, dodon kunnensa na hagu ya fashe, ciwo ya shiga. Aka yi magani, amma kunnen bai dawo ba. Likita ya ce shi da nutso har abada.

Ana cikin haka aiki ɗaya ya rage mana, na wata ƙasa da ke son a duba ƙasan tekunta kafin ta faɗaɗa tashar jiragenta. Dokta Alan ya tara mu, mu uku ke nan da shi, ya ce in aikin nan ya kuɓuce zai rufe wurin. Masu nutso za a ɗauka a can, amma dole mutum namu ya kasance a kan jirgi, wani lokaci ya shiga ruwa marar zurfi ya nuna musu inda za su kafa. Masu inshora sun ƙi Mumuni saboda kunnen. Dokta Alan ya dube ni ya ce, "Sabo, karonka ya zo."

Na sayi takalmin roba da jaka. Binta ta soya mini dambun nama. Mumuni ya hawo jirgin ƙasa da bas tun daga Edmonton ranar Asabar, ya kawo mini gilashin idonsa na nutso a cikin leda, ya zauna a falon nan, yana karkato da kunnensa na dama yana ba ni shawara. In ci abinci kafin jirgi ya tashi, in dubi nesa idan zuciyata ta tashi, kada in taka ciyawa domin akwai kifi mai ƙaya a ciki. Na saurare shi. Na ce masa yawancin wannan na karanta.

Saura gwajin lafiya kawai, wanda ake yi wa duk mai hawa jirgin aiki. Aka yi mini booking a wani asibiti a Marylebone. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da sassafe da sabuwar riga. Da aka kira ni sai na tarar likitar yarinya ce 'yar Arewa, sa'ar 'yata, ta ga sunana ta gaishe ni da Hausa har da rusunawa. Na ce to, Allah ya kawo ni gida. Ta auna jinina, ta sake aunawa. Ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon takardar da injin ya fitar. Sannan ta ce jinina ya hau sosai, kuma bugun zuciyata yana tsallake, wurin da za mu je kuma nesa yake da asibiti.

Na ce mata tun da nake ban taɓa kwanciya ciwo ba. Na ce ta ba ni magani in sha, in dawo jibi a sake aunawa. Ta ce ba abin kwana biyu ba ne, sai an bi ni wata da watanni. Na faɗa mata shekarun da na yi ina jiran tafiyar nan, abin da ban taɓa faɗa wa kowa da baki ba.

Ta ajiye biro ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Da mahaifina ne ma ba zan sa hannu ba."

Na ce, "'Yata, ba nutso zan yi ba. Ruwa iya ƙirji ne."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ba zan iya ba."

Ta rubuta wa likitana wasiƙa, ta raka ni har bakin ƙofa. Maganin da nake sha har yau daga ranar ya samo asali, kuma Binta tana cewa yarinyar nan ce ta tsawaita mini kwana da yardar Allah. Na fito na tsaya a bakin titi ina kallon masu shiga kantuna, sannan na hau tube na wuce wurin aiki, domin akwai samfur a tanda.

Dokta Alan ya yi ta fama da masu inshora har suka yarda Mumuni ya je, da sharaɗin ba zai sa ko ƙafa a ruwa ba. Na mayar masa da gilashinsa a cikin ledar da ya kawo shi. Takalmin ma na ba shi, ya yi masa daidai. Dambun naman Binta ta ce a ba shi, aka ba shi.

Suka tafi, na rage ni kaɗai a sito. Bututu suna zuwa ta jirgin sama kashi-kashi, ni ne mai tsagawa, ni ne mai wankewa, ni ne mai yankan gilashi, ni ne mai amsa waya. Mutum yana tsaye a kan jirgi da kunne ɗaya, yana nuna wa baƙin masu nutso da hannu, amma bututun nan suka zo a miƙe, samansu lafiya lau, har tabarmar gansakuka da ke kwance a kan yashin ba ta motsa ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Muka gama a kan lokaci, aka karɓi rahoto, aka ƙara mana wani aikin. Ba a rufe wurin ba sai bayan da na yi ritaya da kaina.

Ranar da Mumuni ya dawo, daga filin jirgi bai wuce gida ba, ya zo sito da jakarsa. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun ƙirjinsa, ba ta fi ta turare ba, da ruwa da ɗan yashi da guntun ganye a ciki. Ya ce a jikinsa ya riƙe ta tun daga can don kada ta yi sanyi. Ya ce in zuba a faranti in duba, amma in jira, kada in taɓa.

Na zuba, na kunna fitila, na sa ido. Halittun nan ne da na ce muku ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda na tsince gidajensu da jiƙaƙƙen buroshi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Farare na san su, busassu. Waɗannan masu ruwan zuma ne da ɗan kore. Na jira kamar yadda ya ce. Can sai ɗaya ta fara fito da zare daga gefenta, siriri fiye da na gizo-gizo, ɗaya, sannan da yawa, suna miƙewa suna kama gilashi, wasu ƙananan ɗigo suna gudu a kansu suna zuwa suna dawowa. Ta kama wata ƙwayar yashi ta jawo ta jikinta. Sannan gidan gaba ɗaya ya motsa, ya ja kansa gaba kaɗan. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba, sai da wuyana ya ƙage.

Mumuni yana tsaye a gefena, yana cewa a can ba a iya taka ƙasa saboda yawansu, kowane ganye ka ɗaga suna manne a jiki, in rana ta faɗo musu sai wurin ya yi kamar an watsa gero. Yana faɗa yana auna faɗin wurin da hannuwansa biyu.

Ban ɗago daga madubin ba na ce masa, "Ruwan da ka ɗebo ya yi kaɗan. Ba za su yi mako ba."

Ta hagunsa nake, wajen kunnen da ba ya ji. Ya ga bakina ya motsa, ya yi murmushi har kunne, ya dafa bayana.

Ya ce, "Haba Yaya Sabo, ba komai. Ai ba sai ka gode ba."

Ya saɓi jakarsa ya tafi neman bas ɗin Edmonton. Ni kuma na jawo fitilar kusa da farantin don su ji ɗumi, na gyara kujera, na mayar da idona.